Gida Mai Taya Shida

Baba bai bar mana gona ba, bai bar kuɗi ba,
sai doguwar motar nan mai gado da murhu,
da ɗan littafin da ake buga wa hatimi
a ƙofar kowane gandun daji.
Sha tara ya samu. Sauran shafukan fari fat.

Orrin ya ce a sayar.
Na ce a sayar, amma sai ta sake ganin hanya.
Shekara shida rabonmu da zama teburi ɗaya,
ga mu mun bar Nebraska da asussuba,
shi a sitiyari, ni da taswirar Baba a cinya,
wadda gindin kofi ya yi wa zobe a kan Wyoming.

Gonakin masara suka raka mu har suka gaji.
Cokula na ta gulmarmu a cikin durowa,
mu kuwa ko tari.

A Badlands ƙasa ta tuɓe riga,
haƙarƙarinta a waje, ja da ruwan toka.
Daren nan firji ya ce ga garinku,
muka soye ƙwai tara don kada su lalace,
muka ci a tsaye, kowa na kallon tagarsa.
Minsharin Orrin na Baba ne sak.
Na kwana ina jin haushin mutum biyu.

A Yellowstone wani ɓauna ya tsaya tsakiyar kwalta,
tururi na fita daga hancinsa,
mota arba'in a bayanmu, ba mai iya cewa kauce.
Orrin ya kashe inji, ya ce,
"Marlys, ranar jana'iza na zo.
Ina bakin titi cikin mota. Ƙafata ce ta ƙi."
Ɓaunan ya dube mu, ya ga ba abin ci,
ya wuce abinsa.
Ban ce komai ba. Na ɓare lemo, na miƙa masa rabi.

Can gaba ƙasa ta tafasa, ta tsartar da ruwa sama,
jama'a na ɗaga waya, yara na ihu.
Ni warin ruɓaɓɓen ƙwai kawai nake ji,
ina tuna yadda Baba ke toshe hanci
in yana ba mu labarin wurin nan,
mu muna cewa ƙarya yake.

A Utah iska ta huda dutse ta yi ƙofa
ba ɗaki a bayanta.
Taya ta fashe. Rana kamar ta sauko ta taya mu.
Na riƙe masa sifana, ya zagi ƙusa,
ya zagi Baba da bai taɓa sa mai a jak ba,
sai dariya ta kwace mana,
irin wadda ke ƙarewa da share ido.

Gandu na ƙarshe, na itatuwan da suka girmi garuruwa,
mai gadi ta ce motarmu ta yi wa kwanar tsawo.
Muka ajiye ta, muka hau da ƙafa,
gwiwata na ƙara, Orrin na haki.
Na ɗaga kai har hulata ta faɗi,
ban ga ƙarshen itacen ba.
Muka buɗe hannu mu biyu, ko kwata ba mu kewaye ba.

Ofishin hatimi ya rufe ƙarfe biyar.
Mun iso biyar da minti goma.
Orrin ya dangwala babban yatsa a laka,
ya danna a shafin, ya ba ni na danna nawa.

Da dare motar ta karkata, miya na gudu gefen tukunya.
Ya ɗauko allon da ya rubuta wa "Ta sayarwa ce",
ya cusa shi ƙarƙashin tayar baya.
Gado ya daidaita.

Da safe ya ce, "Ina taswirar?"
Na ce tana inda zoben kofin yake.
Ya ce, "Duba mana Oregon. Akwai nisa?"